Ba kullum ne wuta ke da laifi ba, manhajar suwic ma tana suma

Idan netwok ya ɗauke a ofis ko makaranta a garin nan na Bauchi, abu uku ake zargi, kuma a jere suke zuwa. Na farko wuta. Na biyu kamfanin da ke ba da intanet. Na uku zafi da ƙura, musamman daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko. Duk ukun suna da nasu laifin, ba na wanke kowa. Amma shekarun da na yi ina jan kebul da haɗa kwamfutoci a cibiyoyin jarrabawa da asibitocin kuɗi da ofisoshi, daga Yelwa har Fadaman Mada, sun nuna mini akwai na huɗu da ba a kiran sunansa, wato manhajar da ke cikin suwic.

Suwic shi ne akwatin nan mai faɗi da ramuka 24 ko 48 a gabansa, wanda kebul ɗin kowace kwamfuta ke zuwa ya ƙare a jikinsa. Yawancin masu wuraren da nake wa aiki suna ɗaukarsa ƙarfe ne kawai, a jona shi a rufe kabad a manta. Alhali kwamfuta ce cikakkiya, tana da furosesa, tana da memori, tana da manhajar da mutane suka zauna suka rubuta. Duk abin da ɗan Adam ya rubuta kuwa ba ya rasa kuskure. Muna yarda wayar hannu tana bukatar sabuntawa, muna yarda Windows tana bukata, amma na'urar da dukkansu suka dogara da ita sai ta shekara goma da manhajar da ta zo da ita daga kanti.

A cikin suwic akwai ɓangare biyu. Akwai guntun lantarki da aka ƙera don aiki ɗaya tak, ya karɓi ƙunshin bayani daga wannan rami ya miƙa shi ga wancan, miliyoyi a cikin daƙiƙa, ba ya gajiya. Sannan akwai ƙaramar furosesa da ke gudanar da manhaja. Ita ce ke magana da sauran na'urori, ita ce ke amsa maka idan ka shiga yin saiti, ita ce ke yanke shawarar wace hanya za a buɗe wace za a rufe. Wannan furosesar ba ta kai ta wayar da ke aljihunka ƙarfi ba. Tsohon suwic ɗin nan Catalyst 2960 na kamfanin Cisco, wanda ya cika kabad-kabad ɗinmu, memorinsa 64 MB ne kacal. Abin kamar tashar mota yake. Motoci suna shiga suna fita ba tare da kowa ya nemi shugaban tasha ba, amma duk wata rigima, ko sabon direba, ko canjin layi, ofishinsa ake kaiwa, shi kuwa mutum ɗaya ne. Wanda ke son tsayar da tashar ba sai ya gicciya tirela a ƙofa ba. Ya ishe shi ya cika ofishin da masu ƙorafin ƙarya, ko ya miƙa wa shugaban wata takarda da za ta ruɗa shi ya rasa abin yi.

Wannan shi ne harin hana aiki, wanda za ka ga an rubuta DoS a takardun gargaɗin kamfanoni. Ba a sace maka komai ba, ba a karanta sirrinka ba, an dai hana ka aiki. Mutane da yawa in sun ji kalmar sai tunaninsu ya tafi ga dubban kwamfutoci da ake haɗawa su yi wa shafi ɗaya taron dangi. Akwai wannan. Amma wanda ya fi damuna shi ne irin da ba ya bukatar taro. Ƙunshi ɗaya da aka murɗe shi yadda marubucin manhajar bai yi tsammani ba, sai furosesa ta rubuta abu a gurbin da ba nasa ba, manhaja ta faɗi, na'ura ta kashe kanta ta sake tashi. Ko kuma kowane ƙunshi ya ci ɗan memori bai mayar ba, a hankali a hankali har ya ƙare, suwic ya sandare fitilunsa na ci.

Misalin da na fi so in ba yaran da ke koyon aiki a hannuna tsoho ne, na watan Yulin 2003. Kowace ƙofa a na'urar Cisco, wato ramin da ake jona kebul, tana da layin jira na ƙunshin da aka aiko wa furosesa, kuma a saitin asali layin yana ɗaukar 75. Sai aka gano cewa ƙunshin wasu ka'idoji huɗu na maganar na'urori da juna, masu lamba 53 da 55 da 77 da 103, idan aka shirya su ta wata hanya, suna shiga layin su ƙi fita. Manhajar ba ta sarrafa su, ba ta kuma zubar da su. Da zarar 76 sun taru, ƙofar ta toshe. Na'urar ba ta mutu ba, ba ta yi ƙara ba, ba ta sake tashi da kanta ba. Sai wanda ya san inda zai duba ne zai ga an rubuta 76/75 a bayanin ƙofar. Ƙunshi 76 bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, amma ya isa ya raba gari da intanet. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, manhajar kai harin ta bazu, kamfanonin sadarwa na duniya suka kwana suna faci, wato sa gyaran manhajar da ke toshe raunin.

Za a ce wannan tarihi ne. To ga na kusa. Cisco suna da wani tsari mai suna Smart Install, an yi shi ne don sauƙi, ka jona sabon suwic a reshe mai nisa ya ɗauko saitinsa da manhajarsa da kansa daga babbar na'ura, ba sai injiniya ya yi tafiya ba. Tsarin yana sauraro a ƙofar TCP mai lamba 4786, wadda ƙofa ce ta cikin manhaja ba ramin kebul ba, ba ya tambayar kalmar sirri, kuma a na'urori da yawa a kunne yake zuwa. A ƙarshen Maris na 2018 aka bayyana rauninsa mai lamba CVE-2018-0171, wanda aka ba maki 9.8 cikin 10. Saƙo ɗaya zuwa wannan ƙofa yana iya sa suwic ya sake tashi, ko ya shiga zagayen da ba ya fita, ko ma mai harin ya gudanar da abin da ya ga dama a ciki. Sashen tsaro na Cisco, Talos, ya ce ya ga na'urori kusan 168,000 da wannan ƙofa tasu take buɗe ga duk duniya. A farkon Afrilu wasu suka bi ta Smart Install suka goge saitin na'urori masu yawa, musamman a Rasha da Iran, suka bar hoton tutar Amurka da gargaɗin kada a taɓa musu zaɓe. Hukumomin Iran sun ce na'urori 3,500 abin ya shafa a ƙasarsu.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne maganin. Umarni ne mai kalma biyu, no vstack. Ka rubuta ka adana, ƙofar ta rufe. Duk da haka a watan Agustan 2025, shekara bakwai bayan fitar facin, hukumar FBI ta Amurka ta fito tana gargaɗin cewa masu kutse da ke da alaƙa da hukumar leƙen asirin Rasha har yanzu suna shiga na'urori ta wannan raunin. Idan a ƙasashen da ke da kasafin kuɗin kula da na'ura haka abin yake, mu da muke sayen tokumbo fa? Ina da al'ada, duk suwic ɗin Cisco da aka kira ni kansa, kafin komai nakan rubuta show vstack config in gani. Sau da yawa a kunne nake tarar da shi, kuma mai wurin bai taɓa jin sunan ba.

Akwai wasu da zan ambata a gurguje. A Maris na 2017, cikin takardun CIA da WikiLeaks ta fallasa, Cisco suka gano wani rauni a yadda na'urorinsu ke karɓar telnet, tsohuwar hanyar shiga saitin na'ura daga nesa, ya shafi samfuri fiye da 300, kuma faci bai fito ba sai watan Mayu. A tsakanin nan shawara ɗaya ce, a kashe telnet. A Fabrairun 2020 kamfanin Armis ya bayyana raunuka biyar a CDP, ka'idar da na'urorin Cisco ke gabatar da kansu ga maƙwabta duk bayan daƙiƙa 60. A Satumban 2025 kuma aka sanar da wani a SNMP, ka'idar da ake sa ido kan lafiyar na'ura da ita, inda wanda ya san kalmar karantawa kawai zai iya sa na'urar ta sake tashi. Kalmar karantawar nan a wurare da yawa ita ce dai public, wadda kowa ya sani. Ina yawan kiran Cisco ne don su suka fi yawa a hannunmu, kuma suna wallafa raunukansu a fili. MikroTik da Huawei da Juniper da TP-Link duk suna da nasu. Wanda ba ka taɓa ganin takardar gargaɗinsa ba, ba lafiya ce ta hana ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin an sha faɗa mini. Wa zai zauna a Rasha ya nemi suwic ɗin wata makaranta a Gwallameji? Babu. Amma manhajojin da ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa ba su san Bauchi ba, ba su san Landan ba, lamba kawai suke gani. Sannan irin raunin CDP ba daga nesa ake taɓa shi ba, sai wanda ya jona kebul a cikin gininka. A zauren da ɗalibai ɗari biyu da hamsin ke shiga suna fita, kowane rami a bango ƙofa ce. Na uku, wanda ni na fi gamuwa da shi, ba a ma bukatar mugu. Na'ura mai arha da ke aiko da saƙo a karkace tana iya taka raunin ba da niyya ba.

Haka ta faru a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da aka kira ni ana gab da jarrabawar gwaji. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma cibiya tana bukatar kwamfuta 250 a haɗe da kebul zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar aiki daga gare ta. Idan babban suwic ya faɗi, zauren ne baki ɗaya ya faɗi. Matsalar wurin ita ce ana cikin aiki sai duk kwamfutocin su rabu da uwar garke lokaci guda, bayan 'yan mintuna su dawo. Mai cibiyar, dattijo ne mai son aikinsa, ya riga ya canza baturan inbata, ya sa an sake jan wayar wuta zuwa kabad, ya sayi fanka ya kafa ta tana hura na'urar.

Ina shiga ya tare ni a ƙofa. "Injiniya, kai dai faɗa mini batir nawa zan ƙaro, a wuce wurin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in tambayi na'urar tukuna."

Na buɗe kabad ɗin, ƙurar hunturu ta yi wa ramukan iska kunshi ja, na goge. Na jona shuɗin kebul ɗin konsol, wanda ake shiga cikin suwic kai tsaye da shi, a kwamfutata na rubuta show version. A cikin abin da ke fitowa akwai layin da ke faɗin dalilin tashin na'urar na ƙarshe. Idan wuta ce ta yanke, za ka ga power-on. Nan kuwa kalmar error ce da wata doguwar lamba a bayanta. Na leƙa ma'adanar cikin na'urar na tarar da jakar crashinfo cike da fayiloli, kowane ɗaya shaidar faɗuwa guda. Manhajar kuma tun wadda aka sa mata a masana'anta ce.

Na juya na ce, "Alhaji, batir ko ɗaya ba za ka saya ba. Wuta ba ta yanke wa na'urar nan ba. Ita ce ke suma da kanta ta farfaɗo."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, ƙarfe ma yana suma?"

Na tambaye shi me aka ƙara a ginin kafin abin ya fara. Sai yaron da ke kula da zauren ya ce kyamarorin tsaro, an kafa sababbi an jona su a suwic ɗin. Muka zare su, na'urar ta zauna lafiya. Muka mayar, ba a jima ba ta sake faɗuwa a gabanmu, Alhaji yana tsaye yana kallon fitilu sun ɗauke gaba ɗaya alhali fankarsa na juyawa. Na kashe ka'idojin gabatar da kai a ramukan kyamarorin, na ware su a nasu rukunin daban da na ɗalibai, faɗuwar ta tsaya. Daga baya, wani dare da ba kowa a zauren, muka sa sabuwar manhaja.

Mintunan nan da suwic ke ɗauka kafin ya tashi ba wasa ba ne. Sai ya gwada kansa, ya loda manhaja, sannan idan ba a saita ramukan kwamfutoci su buɗe nan take ba, kowanne zai ƙara jiran daƙiƙa 30. Ka tuna wanda ke zaune a gaban allon. Yarinya ce da ta taso daga Ningi ko Darazo tun jiya, ta kwana gidan 'yan uwa, mahaifinta ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin fom. Allonta ya tsaya, gabanta ya faɗi, ko an dawo ma hankalinta ya riga ya tashi. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce harin hana aiki ƙarami ne tunda ba a saci komai ba. A asibiti ma haka ne, mai karɓar kuɗi ba ya iya fitar da rasit, ɗakin magani ba ya ganin abin da likita ya rubuta, majinyaci yana kan benci.

Akwai wani nau'in da ba kuskuren rubutu ba ne, yanayin Ethernet ne kansa. Ƙunshin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa. Idan aka sami zagaye, wato kebul ya fita daga suwic ya dawo cikinsa, saƙon da aka aika wa kowa zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya cinye komai. Mai shara ya ga kebul yana lilo, ya ga rami a bango, ya soka shi da kyakkyawar niyya, shi ke nan. Alamarsa ba ta ɓuya, za ka ga fitilun ramuka duka suna ƙyaftawa tare da sauri kamar abu ɗaya. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan a 1985, ka'idar Spanning Tree, inda na'urori ke aika wa juna ɗan saƙo duk daƙiƙa biyu su gano zagaye su toshe hanya ɗaya. Sai dai ƙananan suwic masu ramuka takwas da ake saya a ƙara a ƙarƙashin tebur yawancinsu ba su san wannan ka'ida ba. Ita kanta ka'idar tana da iyaka. A Nuwamban 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya yi kusan kwana huɗu yana fama da netwok, likitoci suka koma takarda da biro, saboda an yi ta ƙara suwic a kan suwic har aka wuce tsallake bakwai da aka tsara ka'idar a kai. Duk wanda ya leƙa silin ɗin ofisoshinmu ya san irin wannan ƙare-ƙaren muke yi. Haka kuma teburin da suwic ke rubuta adireshin na'urori yana cika, na 2960 kusan 8,000 yake ɗauka, kuma akwai ƙaramar manhaja kyauta da ke cika shi da adireshin ƙarya cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ga abin da ya sa duk wannan ke ɓoye mana. Maganinmu na farko ga kowace na'ura shi ne kashe ka kunna. Yana aiki, shi ya sa muke yi. Amma suwic yana ajiye rahoton abin da ke faruwa da shi ne a memorin da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Wanda ya zare soket ya mayar ya dawo da netwok, ya kuma share shaidar da za ta faɗi dalili. Ƙari a kan haka, tsofaffin Catalyst ba su da batirin agogo. Duk tashin da suka yi, kwanan wata yana komawa 1 ga Maris 1993. Sai ka buɗe rahoto ka ga komai a 1993 ya faru, ba ka iya haɗa shi da lokacin da ɗalibai suka yi kuka. A garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, faɗuwar manhaja tana shigewa cikin ɗaukewar wuta ba wanda ya lura. Na tabbata akwai na'urori a jihar nan da suke faɗuwa kullum saboda raunin da aka yi wa faci shekaru da suka wuce, ana ta sayen batir a kansu.

Saboda haka abu na farko da nake yi a kowane wuri ba shi da tsada ko kaɗan. Ina saita suwic ya riƙa karɓar lokaci daga uwar garke, ya kuma riƙa aika rahotonsa can, ta yadda ko an kashe shi bayanin yana nan. Ina roƙon mai kula da wurin, idan abin ya faru, kafin ya kai hannu soket ya ɗauki bidiyon fitilun da wayarsa ya rubuta lokaci. Bayan haka sai rufe abin da ba a amfani da shi. Smart Install a kashe. Telnet a kashe a koma SSH, hanyar shiga daga nesa mai ɓoye abin da ake rubutawa. Shafin saiti na burauza, in ba a bukata, a kashe. SNMP a canza kalmarsa a taƙaita wanda zai iya tambaya. CDP a bar shi tsakanin suwic da suwic kawai, ba a ramin da ɗalibi ke zaune ba. Adireshin da ake shiga saiti da shi a ware shi daga rukunin jama'a, kada kuma ya leƙa intanet. A ramukan kwamfutoci ina sa kariyar da ke rufe rami idan aka jona wani suwic ko aka yi zagaye, da iyakar yawan saƙon gama-gari, da iyakar adireshi nawa rami ɗaya zai karɓa. Ramin da ba kowa a kansa a rufe shi. Duk wannan aikin yamma ɗaya ne, kuma ko manhajar tsohuwa ce, ya rage hanyoyin da za a kai gare ta.

Sabunta manhajar kanta shi ne inda abokan aikina ke ja da baya, kuma na fahimci dalilinsu. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta sabuwar manhaja, na'urar tana iya ƙin tashi, sai an bi ta konsol a hankali an ceto ta, mai wuri kuma zai ce kai ka lalata masa kaya da ke aiki. Tsoron gaskiya ne. Amma maganinsa shiri ne. A yi aikin a kan inbata mai cikakken caji, a kwafe saiti a ajiye, a tabbatar lambar tantance fayil ɗin ta yi daidai da wadda kamfani ya wallafa, a bar tsohuwar manhajar a ciki idan akwai wuri. Kada a ɗauko fayil daga wani rukunin WhatsApp ko shafin da ba a san mai shi ba, domin wanda ya sa gurɓatacciyar manhaja a suwic ya miƙa ginin duka da hannunsa. Cisco sun saba fitar da tarin gargaɗin IOS, wato manhajar na'urorinsu, sau biyu a shekara, Maris da Satumba. Na Maris yana faɗowa dab da lokacin jarrabawa, don haka ni na fi son in yi babban sabuntawa bayan na Satumba, a sami watanni ana gwadawa. Na Maris kuma in karanta shi in toshe abin da za a iya toshewa da saiti. Wani abin da da yawa ba su sani ba, a ƙa'idar Cisco wanda ba shi da kwangilar kulawa yana iya tuntuɓar sashen taimakonsu da lambar jikin na'urarsa da adireshin takardar gargaɗin ya nemi facin tsaro.

Sai dai wannan yana aiki ne ga na'urar da kamfani bai yi watsi da ita ba. Kowane samfuri yana da ranar da ake daina sayar da shi, da ranar da ake daina yi masa faci. Yawancin tokumbon da ke zuwa mana daga Legas da Kano an sauke su ne daga ofisoshin Turai da Amurka daidai lokacin da wannan rana ta gabato. Ƙarfensu lafiya lau, zai ƙara shekara goma yana aiki, shi ya sa muke son su, kuma da canjin dala yadda yake ba zan ce wa mai makaranta ya sayi sabo fil ba alhali albashin malamai na jiransa. Abin da nake cewa shi ne ya san abin da ya saya. Suwic ɗin da ba a ƙara yi masa faci yana iya zama a gefe yana haɗa kwamfutoci goma. Bai kamata ya zama shi ne tsakiyar zaure ba, bai kamata ya ga intanet kai tsaye ba, kuma lallai a sami wani a ajiye da saiti iri ɗaya wanda za a ɗora cikin minti biyar.

A ma'aikatun gwamnati matsalar ta wani gefen take. Ana ba da kwangilar sayen kaya masu tsada, sababbi a kwali, a kafa a yi bikin buɗewa. Babu layi a kasafi na kula da manhaja, ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirri, jami'in da aka bar wa kabad ɗin ba shi da ikon shiga ciki ko da ya iya. Na ga suwic na miliyoyin naira da ba wanda ya taɓa shiga cikinsa tun ranar da aka kunna shi. Ina ganin duk takardar kwangilar netwok ya kamata ta ƙunshi miƙa kalmar sirri da kwafin saiti a rubuce, da sunan wanda zai riƙa duba gargaɗin kamfani, da kuɗin yin hakan na aƙalla shekara uku.

Ga mai shirin sayen tokumbo kafin jarrabawa mai zuwa, kada ka tsaya a kan fitilu sun kama. Ka je da kwamfuta da kebul ɗin konsol, ka sa mai shago ya kunna a gabanka. Ka duba lambar manhajar da shekararta, ka duba ko akwai fayilolin crashinfo a ciki, ka nemi sunan samfurin a shafin kamfanin ka ga ranar da za a daina yi masa faci. Ka duba ko tsohon saitin masu shi na farko yana nan, domin sau da yawa yana nan, har da kalmominsu na SNMP da adireshin ofishinsu. Idan ka kai shi gida ka goge komai ka fara daga farko, ka rubuta no vstack kafin ka jona masa kebul ko ɗaya.